Illi Mai Awon Langa da Masu Cewa Sun Yafe Masa

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, wadda ta yi daidai da sha huɗu ga Janairu na shekarar 2025, jim kaɗan bayan azahar, Allah ya karɓi ran Malam Illi a gidansa da ke Akokan, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. Ya bar 'ya'ya da jikoki, da matarsa Lauratu, wadda take ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya. Mun kai shi makwancinsa kafin magariba.

Na so in rubuta maka ta'aziyya irin wadda aka saba, Illi, in jera alherinka in yi addu'a in ajiye alƙalami. Na kasa. Ka bar duniya da wata ƙazamar magana rataye a sunanka, wai ka sayar da mutanen garinka a kan cinyar rago. Waɗanda suka ƙulla maganar suna nan da ransu, suna shan shayi a inuwar da ka dasa, kuma babu wanda ya janye ta. Kai ba ka da bakin kare kanka yanzu. Ni ina da shi, kuma ka san bakina tun ba yau ba.

A hanyar Tawa na fara ganin ka, lokacin ina tuƙa kamiyo, babbar motar kaya, ina hauro da albasa zuwa Arlit. Kana tsaye a bakin hanya da tabarma da buta, ɗan Adar siriri mai dogon wuya, ka ce aikin ma'adinai za ka nema. Na ɗora ka a kan buhuna. Duk inda muka tsaya sai ka sauko ka kama ni da gardama, ka gaya mini tayata ta hagu ta fi ta dama lafiya, kuma ina taka birki kamar mai jin haushinsa. Na ce a raina wannan ko kyauta aka ba ni shi ba na so. Ashe ƙanwata zan ba shi. Ka yi aikinka a ƙarƙashin ƙasa kana gyaran bututun ruwa har ƙarfinka ya ƙare, kuma ban taɓa jin Lauratu ta kawo ƙararka ba, sai dai ta ce surutunka ya hana ta jin rediyo.

Mutanen Akokan sun san abin da ka yi musu, ko da yau sun ga dama sun manta. Ka fito daga ramin ma'adinai a gajiye, matar maƙwabci ta aiko famfonsu ya fashe, ka ɗauki kayan aikinka ka tafi ba ka ko kurɓi ruwa ba. Da aka rufe ramin a 2021, gari ya fara watsewa, kai ne mai taya mutane ɗaure kaya a kan mota, kai ake bar wa makulli, kai kake bi gida-gida da bokiti kana ba itatuwan mutane ruwa don kada su dawo su tarar da kufai. Akwai ranar da ka je tasha ka ga wani mutumin Maradi cikin waɗanda aka koro daga ƙetare ta kan iyakar Assamakka, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Ka tuɓe takalmanka ka ba shi, ka dawo gida a ƙasa cikin zafin rana. Lauratu ta yi ta faɗa. Ka ce mata, “Ke bari, ƙahwar da ta yi shekaru tana tsalle ita ɗaya, yau ga ta da 'yar'uwa, mi za ya same ta?”

Tsallen da kake nufi shi ne langa, kuma a kanta duk wannan magana ta taso. Saboda wanda bai san yadda muke yin ta a nan ba, bari in faɗa. Kowane ɗan wasa yana kama ƙafarsa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗaya. Wanda ya saki ƙafar ko ya faɗi ya mutu, sai ya fita fili. Kowane ɓangare yana da mutum guda da ake kira ruwa, shi ake so ya ratsa abokan gaba ya kai wurin sha, inda in ya isa ɓangarensa ya ci, sauran kuwa dawakai ne masu kare shi da ture na gaba. Iyayenmu suka zo da ita daga kudu, ta zauna a nan ta yi gida. Kowace babbar sallah da la'asar ake haɗuwa a filin da ke tsakanin garuruwan biyu, Akokan da Arlit. Na Akokan ana ce musu 'Yan Rami, don iyayensu a ƙarƙashin ƙasa suke aiki. Na Arlit ana ce musu 'Yan Sarari, don nasu ma'adinin a buɗe yake. Kai ne ruwan 'Yan Rami a zamaninka, har ranar da idon sawunka ya goce ka bar fili.

Da ka bar fili sai aka ba ka abin da ya fi fili wuya. Ranar jajibere, ɓangarorin biyu suna zuwa ƙofar gidanka, waɗannan a tabarmar gabas, waɗancan a ta yamma, ka auna su a gaban juna. Shi ne muke kira awo. Ba a ɓoye kake yi ba, kuma ba ka taɓa jan wani gefe ka raɗa masa sirrin wani ba. Abin da ka gani a wajen motsa jikinsu shi kake faɗa, kowa yana ji, kowa ya tafi ya gyara nasa. Yara har haddace maganarka suke yi.

Ni ɗan Arlit ne, 'Yan Sarari nake so, kuma na sha jin haushin awonka, amma ban taɓa kama ka da ƙarya ba. Kana cewa ƙarfin 'Yan Rami a haɗin kansu yake. Mutane ne masu nauyi, masu kauri a cinya, suna kewaye ruwansu kamar katangar gida, suna matsawa a hankali, babu mai barin ɗan'uwansa a baya, don a rami haka aka koya wa iyayensu. Idan suka kafa ƙafa, sai ka gaji da ture su. Amma kana gaya musu a fuska cewa ba su da sauri, kuma zuciya ce ke kashe su. A kayar da ɗaya daga cikinsu, sai dukansu su bi wanda ya kayar da shi don ramuwa, su bar ruwa tsirara a tsakiyar fili. Ga taurin kai. In suka naɗa mutum ruwa, ko sama za ta faɗo ba za su canja shi ba, wai kada a ce sun ji tsoro.

Mu kuma namu ba ka raga musu. Kana yaba musu saurinsu, da yadda suke buɗe fili su raba hankalin abokan gaba, da yadda rana ba ta karya su. Ruwan 'Yan Sarari yakan sha tun kafin 'Yan Rami su gama gyara tsayuwa. Sai ka juya ka ce kowane dokinsu so yake mata su yi masa guɗa shi kaɗai, shi ya sa suke barin ruwansu yana neman mai kare shi. In aka fara cin su, kafin a tashi sun fara zagin juna. Abin da ka fi nanata musu kuwa shi ne ba su san inda wasa ya ƙare ba. In suka hango nasara, ba su bambanta abokin wasa da abokin gaba. Shekara da shekaru kana faɗin wannan, ana dariya ana cewa Illi ya fara. Ashe duka aibobin biyu a kanka za su sauka rana ɗaya.

Sallar da ta wuce, 'Yan Rami sun zo awo a raunane. Samarinsu da yawa sun tafi neman zinariya, waɗanda suka rage ba su kai a zaɓa ba. Abin da ya rage musu na alfahari shi ne ruwansu, Almustafa, saurayi mai sabon aure, wanda duk yankin nan babu mai tsallensa. Kai ka lura gwiwarsa ta dama, wadda yake tsalle a kanta, tana rawa duk lokacin da ya sauka, kuma yana ɗaure ta da ƙyalle a ƙarƙashin wando. Ka tafi gidan Dodo, shugaban 'Yan Rami, tun saura kwanaki, ka roƙe shi ya hutar da yaron bana. Ina wurin, da kunnena na ji. Dodo ya ce in babu Almustafa gara su ƙi fita, kuma Akokan ta rasa rami, ba za ta rasa langa a kansa ba. Ka sake komawa, ya ce ka tsufa, tsoro ya kama ka.

Shi ya sa ka faɗe ta a wurin awo, a gaban kowa. Ka ce, “Wanga yaro gwiwarshi ba ta ɗaukar shi. Dodo, ka hutas da shi. In kuwa ka ƙiya, kai Alkasum, ga amana nan na ba ka gaban jama'a, kada dawakinka su taɓa mai ita.” Alkasum shi ne shugaban 'Yan Sarari. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ya karɓa. Na san akwai masu cewa da ka yi shiru da ya fi, kuma na yi ta juya wannan a raina. Amma me ya rage maka? Ka bi ta ɓoye an kore ka. Ka yi zaton kunyar jama'a za ta sa ɗaya ya janye yaron, ko ta sa ɗaya ya kame mutanensa. Laifinka ɗaya, ka ɗauka manyan mutane suna da kunya.

Dodo ya saka Almustafa. Ana cikin wasa, an yi kunnen doki, sai dawakai biyu na Alkasum suka rufe yaron ta dama, ɗaya ya sa kafaɗa, ɗaya ya kai masa gwiwa daidai inda aka ce kada a taɓa. Ƙarar da ƙafar ta yi har mu da ke bakin fili mun ji ta. 'Yan Sarari suka ci, suka ɗauki ruwansu a wuya suna zagaya fili, yaro yana kwance yana cizon ƙasa. Wa ya ruga ya ɗauke shi? Kai, da tsufanka da ɗingishinka. Kai ka tare mota, kai ka kai shi lopital wurin likita, rigar sallarka duk ta ɓaci.

Washegari ranar rabon nama ce, kamar yadda muka saba, an sauke ragunan da suka kwana a bakin wuta, yara suna ta kai wa dangi da maƙwabta. Sai ga samarin Arlit a ƙofar gidanka da cinyar rago a kan tire, da mai kalangu a bayansu, suna kirarin Illi mai gaskiya, Illi da ya nuna mana hanya. Kai, wannan rashin ta-ido da me ya yi kama! Sun karya amana, sannan suka zo suka shafa maka jinin a riga da kiɗa. Ka fito ka tsaya a zaure. Naman layya ba a mayar da shi, duk wanda ya tashi cikinmu ya san wannan, mayar da shi yanke zumunci ne har abada. Ka kori mai kalangun, ka karɓi naman don girman ranar, ka ce wa Lauratu ko tsoka ɗaya kada ta shiga tukunyar gidanka. Aka yanyanka shi aka raba wa gidajen unguwa.

Sun ci. Wallahi sun ci, sun suɗe hannu, sun sha romo. Kafin naman ya narke a cikinsu magana ta zagaye Akokan cewa an ga ladan cin amana ya shiga gidan Illi da kiɗa. Dodo, wanda ya san sau nawa ka taka zuwa gidansa, bai buɗe baki ya ce ba haka ba ne, don maganar ta sauke masa kaya daga ka. Alkasum, wanda kalma ɗaya daga bakinsa za ta wanke ka, ya yi shiru, don in ya wanke ka shi zai baƙanta. Ɓangarori biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ranar nan suka haɗu a kanka.

Na ga abin da ya biyo baya, kuma ba zan rufe shi don an ce mamaci ba ya son hayaniya ba. Ka yi sallama a majalisar da ka kafa, aka amsa a ciki-ciki, aka ƙi matsa maka wuri. Yaran da ka koya wa kama ƙafa suna bin bayanka suna kukan rago. Kana zuwa duba Almustafa kullum da 'yar furarka, har ranar da mahaifinsa ya tare ka a ƙofa ya ce ka isa haka. Ka daina fita sai masallaci. Likita ya ce ƙirji ne, kuma ban musa ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma ni na san mutumin da ya cika gida da surutu, na kuma ga yadda ya koma yana amsa tambaya da ka. Na ce ka bar ni in je in tsaya a tsakiyar kasuwa in tona su. Ka riƙe mini hannu ka ce garin ya riga ya rasa abubuwa da yawa, kada in ƙara masa.

Na yi maka biyayya kana da rai. Abin da ya karya haƙurina a maƙabarta ya faru. An sallace ka, an jera, liman ya juyo ya ce, kamar yadda ake yi wa kowane mamaci, duk wanda marigayi ya saɓa wa ya dubi Allah ya yafe masa. A irin wannan wuri mutane a hankali suke amsawa, kowa kansa a ƙasa. Sai Dodo ya gyara rawani ya ɗaga murya yadda na sahun baya za su ji, ya ce, “Mu mutanen Akokan mun yafe masa abin da ya yi mana, duniya da lahira.” Alkasum daga can gefe ya ce su ma sun yafe. Har aka samu masu cewa madalla, Allah ya saka da alheri.

Me kuka yafe masa? Ina tambayar ku, Dodo, Alkasum, me Illi ya yi muku? Shi ya saka gurgu a fili? Shi ya kai gwiwa? Shi ya ɗauko mai kalangu? Kun tsaya a kan gawar mutumin da kuka zalunta kuna rabon gafara kamar masu rabon goro, kuka mayar da addu'ar jana'iza hatimin ƙaryarku, yadda duk baƙon da ya halarta zai koma gida yana cewa lallai marigayin ya yi wani abu, tun da har an yafe masa a bainar jama'a. Jikokinsa suna wurin, sun ji. Na buɗe baki, babban ɗansa ya damƙe mini hannu, na haɗiye don girman wanda ke cikin likkafani. Almustafa yana can baya a kan sandarsa, bai ce ya yafe ba, hawaye kawai yake yi. Kai ma Almustafa, ba na ɗora maka laifi, amma ka san wanda ya ce a hutar da kai, kuma shirunka yana da nauyi.

Ranar sadakar uku na shiga wurin Lauratu, na same ta a ɗakin takaba da carbi a hannu. Na fara zuba mata abin da ke cikina, ta bar ni na gama. Sannan ta gaya mini cewa ranar Litinin, kwana ɗaya kafin ka cika, Illi, ka kira ta ka ce ka yafe wa Dodo, ka yafe wa Alkasum, da yaran da suka kai gwiwa, da duk wanda ya ci naman ya zage ka. Ka ce ta riƙe wannan amana, duk wanda ya zo ya tambaya ta gaya masa, don kada wani ya kwana da tsoron haƙƙinka. Na ce to a aika a gaya musu mana, ko kunya za ta kama su. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Yaya, cewa ya yi in ba wanda ya zo ya tambaya. Bai ce in bi su gida-gida da ita ba.”

Ta yarda in rubuta cewa amanar tana nan, shi ya sa na rubuta. Ku da kuka yi gaggawar yafe wa wanda bai yi muku komai ba, ga taku gafarar tana jiran ku a Akokan, a hannun matar da kuka sa mijinta ya mutu yana sunkuyar da kai. Ba ta neman rago, ba ta neman taro. Ku zo zaure ku yi sallama, tana jin ku daga bayan labule, ku faɗa da bakinku cewa Illi bai ci amanar kowa ba, 'ya'yansa su ji. In ta fita takaba za ta koma Damagaram wurin danginmu, tun kafin wata sallar layya, kuma ba ta da niyyar dawowa. Ta sa an shimfiɗa tabarma a zauren tun ranar uku. Kowace safiya ana kakkaɓe ta a sake shimfiɗawa, kuma har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya zauna a kanta.

Ya Allah, ga bawanka Illi ya zo gare ka, kai ne ka san abin da ya faɗa da abin da ya nufa. Ka jiƙansa, ka yalwata masa kabarinsa, ka sanya haske a cikinsa, ka karɓi ruwan da ya shayar da takalmin da ya tuɓe, ka sa baƙin cikin watanninsa na ƙarshe ya zama kankarar zunubansa. Ina miƙa ta'aziyyata ga ƙanwata Lauratu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da danginsa na Adar da ba su sami zuwa ba, da duk wanda ya yi kukan rashinsa da gaskiya a Akokan da Arlit. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsare muku sunan mahaifinku, ya ba Almustafa lafiyar ƙafarsa. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

Kai ka yafe musu, Illi, ka tafi da zuciyarka fara. Ni kuwa ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafe musu kafin in biyo ka, domin wallahi yau ban iya ba.